Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Sakandare: Ku Daina Nuna Wa Yaranmu Cewa Ba Za Su Iya Ba

Zuwa ga shugabannin makarantun sakandare na gwamnati da ke ƙarƙashin ƙungiyar ANCOPSS, da masu makarantun kuɗi da ke ƙarƙashin NAPPS, musamman na jihohinmu na Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin lissafi ne, a ƙarƙashinku nake aiki. A cikinku akwai waɗanda suka koyar da ni, akwai kuma waɗanda muka zauna benci ɗaya da su a kwalejin horon malamai, saboda haka babu raini a cikin abin da zan faɗa a kan satar amsa a jarabawa. Na zaɓi in rubuto muku ne, ban rubuta wa minista ko hukumar WAEC ko NECO ba, domin su takardar tambaya suke kawowa, su kwashi takardar amsa su tafi. Ku ne kuke riƙe da yaro shekara 6 cur. Duk abin da zai shiga ɗakin jarabawa da shi a zuciyarsa, a hannunku aka gina shi, ko kuma a hannunku aka rushe shi.

Satar amsa ba yau ta fara ba, kuma ba yau aka fara yi mata barazana ba. A 1977 takardun WAEC suka fita kafin ranar jarabawa, abin da har yau ake kira Expo 77, har sai da gwamnatin soja ta sa aka yi bincike. A 1984 aka kafa dokar soja mai lamba 20, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21. A 1999 aka sake wata doka mai lamba 33, ta tanadi tara da ɗauri ga ɗalibi, ta kuma fi tsananta wa malami da shugaban makaranta da mai sa ido. Da tsoro yana maganin wannan cuta, da tuni ta warke. Amma a 2022 WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 365,000 bisa zargin magudi, wato fiye da ɗaya cikin biyar na waɗanda suka zauna. A 2024 ta riƙe na sama da 215,000. A ƙarshen watan Mayun 2025 duk mun ga hotunan yara suna rubuta jarabawar Turanci da daddare da hasken tocila, hukumar kuma ta ce ƙoƙarin hana fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin. A 2025 ɗin kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce a koma rubuta jarabawa da kwamfuta, a kuma dakatar da wanda aka kama shekara 3.

Ban ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba. A sa kyamara, a kawo kwamfuta, a hukunta mai laifi. Sai dai duk a bakin ƙofar ɗakin jarabawa suke tsaye, ita kuwa matsalar tun daga aji ɗaya take tasowa.

Wasu masana halayyar ɗalibai guda biyu a Amurka, Tamera Murdock da Eric Anderman, sun tattara binciken da aka yi a kan satar amsa, a 2006 suka ce duk ɗalibin da zai yi ta, tambaya uku yake yi wa kansa. Me nake nema da wannan jarabawa? Zan iya kuwa? Me zai same ni idan na yi? Ku duba da kyau, ranku ya daɗe, kusan shekara 50 ke nan duk ƙarfin ƙasar nan a kan tambaya ta uku ya ƙare. Biyun farko kuwa, waɗanda su ne a hannunmu, mun bar yaro ya amsa wa kansa shi kaɗai. Amsar da yake bayarwa ita ce: takarda nake nema, kuma ba zan iya ba. Yaron da ya riga ya yanke wa kansa wannan hukunci, ko soja aka sa a ƙofa zai nemi hanya.

Bari in fara da “zan iya kuwa?”, domin nan ne ciwon ya fi zurfi.

Kowannenku ya san yaron nan. Yana zaune a layin baya, ba ya fitina, ba ya fashi. Littafinsa tsaf, rubutunsa kamar an buga da inji, duk abin da aka rubuta a allo ya kwafe shi har da layin da malami ya ja a ƙarƙashin kanun darasi. Ka ce ya tashi ya karanta maka layi biyu daga abin da ya rubuta da hannunsa, sai ya sunkuyar da kai, ya kama gefen benci, ya yi shiru har sai ka gaji ka ce ya zauna. Yana SS1, amma bai iya karatu ba. Zana haruffa yake yi. A haka ya fito daga firamare, a haka ya wuce JS1, JS2, JS3, kowace shekara ana ciyar da shi gaba saboda aji ya cika kuma wasu na tafe. Ba laifinsa ba ne, kuma ba duka laifinku ba ne. Mun tuna a 2017 da gwamnatin Kaduna ta gwada malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. Yaran da suka biyo ta irin waɗannan azuzuwa su ne a gabanmu. Amma tun da ya shigo makarantarku ya zama amanarku, kuma shekara 3 ko 4 ke nan babu wanda ya zaunar da shi ya ce, “Zo mu fara daga inda ka tsaya.”

Wannan yaro me kuke tsammani zai yi ranar da aka ajiye masa takardar Turanci a gabansa, aka ce rayuwarsa gaba ɗaya ta rataya a kan kiredit biyar har da Turanci da lissafi? Shi kwafa kaɗai aka koya masa. Shekara da shekaru yana kwafa daga allo ana ce masa ya yi aiki. Ranar jarabawa ma abin da ya iya zai yi.

Albert Bandura, wani masani na Jami'ar Stanford, tun a 1977 ya yi bayanin yadda mutum ke samun yarda da cewa zai iya wani aiki. Ya ce daga wuri huɗu take zuwa. Mafi ƙarfi shi ne mutum ya taɓa gwada abin da kansa ya ga ya yi nasara. Sai ya ga wani irinsa, sa'ansa, ya yi. Sai maganar da manya da waɗanda yake girmamawa suke gaya masa. Sai kuma yanayin jikinsa lokacin aikin, faɗuwar gaba ko natsuwa. Ku ɗauki waɗannan huɗu ku auna makarantunmu da su. Yaron da bai taɓa warware tambaya ɗaya da kansa ya ga alamar daidai da jan biro ba, daga ina zai samo ta farko? Wanda yayyensa da suka gama bara suka gaya masa cewa kowa da taimako ya ci, ina zai samo ta biyu? Ta uku kuwa ita ce ta fi ba ni takaici, domin kyauta ce, ba ta buƙatar kasafin kuɗi, amma akasinta muke bayarwa. “Daƙiƙi.” “Kai ba ɗan boko ba ne.” “Ku 'yan baya ba da ku nake ba.” “Lissafi ba na mata ba ne.” A wasu makarantu ranar hutu ana kiran sunan wanda ya zo na ƙarshe a gaban asambuli, yara su yi masa ihu. Ana cewa wai don ya ji haushi ya dage. Ban taɓa ganin wanda ya dage saboda wannan ba. Na dai ga waɗanda suka koyi cewa zango mai zuwa, ko ta halin ƙaƙa, ba za a sake kiran sunansu ba, suka nemi kusa da mai ƙoƙari suka zauna.

Abin mamaki, maganin wannan yana cikin unguwarmu. Yaron nan da muke kira daƙiƙi da safe, da yamma yana makarantar allo ko Islamiyya, kuma a can yana da izu goma ko ashirin a kansa. Me ya sa? Saboda a can malam yana sauraren kowa da bakinsa. Ba a yi maka ƙari sai ka biya na jiya. Ba ka wanke allo sai karatun ya zauna. Idan ka kakare, a gyara maka, ka koma gefe ka maimaita, ka dawo. Kullum yaro yana tashi da shaidar cewa yau ya iya abin da jiya bai iya ba. Shi ya sa tun 1986 da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, muke ganin yara ƙanana, maza da mata, suna hawa mumbari a gaban alƙalai da dubban jama'a, babu takarda a hannu, babu mai raɗa musu, a ja musu baƙi su ɗauka. Ƙwaƙwalwar ɗaya ce. Bambancin shi ne can an gina masa yarda da kansa aya bayan aya, nan kuwa ana gudu da manhaja don a gama kafin hutu, ko an gane ko ba a gane ba.

Kada kuma ku ɗauka raunana ne kawai wannan ciwo yake kamawa. Akwai wata yarinya da na koyar, a wata makaranta da ba zan ambata ba. Tana cikin waɗanda nake alfahari da su. Idan na ba da aikin aji, kafin in kai ƙarshen layi ta gama. A jarabawar gwaji ta SS3 ina zagayawa na leƙa takardarta, na ga ta warware wata tambaya daidai, mataki bayan mataki, amsa ta fito. Da na zo makin takardun sai na tarar ta soke aikin nan gaba ɗaya da layi biyu, ta rubuta wata amsa a ƙasa, amsar da na gani a takardu da yawa na layinsu, kuskure iri ɗaya, har inda aka manta alamar ɗebewa duk wuri ɗaya. Na kira ta na ajiye takardar a gabanta, na nuna mata aikin da ta soke, na ce wannan ne daidai. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, “Malam, na ga kowa abu ɗaya ya samu, ni kaɗai ce daban, sai na ɗauka ni ce na yi kuskure.” Wannan yarinya ba ta rasa ilimi ba. Ta rasa wanda zai sa ta yarda cewa abin da ya fito daga kanta yana iya fin abin da aka miƙo mata. Kuma ranar da makaranta da kanta ta rubuta amsa a allo, irin wannan yarinya ce ta fi kowa asara, domin ita tana da abin da za ta rasa.

Ga ni na zo inda ya fi nauyi a faɗa, amma dole ne a faɗa.

Ranku ya daɗe, yawancin magudin da ake yi yau ba yaro ne yake ɓoye 'yar takarda a safa ba. Shiri ne na manya. Ana haɗa kuɗi tun lokacin rajista, a ce na “taimako” ne. A sallami mai sa ido, a sa wani a bakin ƙofa ya riƙa duba hanya, a kira malamin darasin ya warware tambayoyi a ofis, a rubuta a allo ko a raba kwafi. Akwai makarantun da babu kowa a SS1 da SS2 ɗinsu sai 'yan tsiraru, amma lokacin rajistar jarabawa sai ka ga ɗaruruwa, saboda an san su da “mirakul”. Ba duka ba ne, Allah ya sani. A cikinku akwai waɗanda suka tsaya kai da fata, aka yi musu barazana, aka yi musu canjin wurin aiki, iyaye suka kwashe 'ya'yansu, ba su sauya ba. Ina jinjina musu. Amma sauran fa?

Na san uzurin, domin na sha jinsa a ɗakin malamai. Yaran talakawa ne, idan suka faɗi iyayensu ba su da kuɗin sake biya. Kowa yana yi, idan mu ba mu yi ba namu ne za su zauna a gida. Mai makarantar kuɗi zai ce idan sakamako ya yi muni bana, baɗi babu ɗalibai, babu albashin malamai. Firinsifal na gwamnati zai ce shi za a aiko wa takardar tuhuma daga ofis. Waɗannan ba ƙarya ba ne, kuma ba na raina su. Amma ku tsaya ku ji abin da yaro yake ji a lokacin da malaminsa, wanda ya koyar da shi shekara 3, ya ɗauki alli ya fara rubuta masa amsa. Malamin yana gaya masa ne, ba tare da ya buɗe baki ba, “Ni da na koyar da kai na san ba za ka iya ba.” Babu zagin da ya kai wannan. Kuma ba a SS3 kaɗai saƙon yake tsayawa ba. 'Yan SS1 suna gani ta taga. Daga ranar sun san cewa karatun dare wahalar banza ce, abin da ake buƙata shi ne uba ya biya kuɗin taimako. Duk wa'azin da za ku yi musu a asambuli game da dagewa, sun riga sun ga abin da ya ƙaryata shi.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa a cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa an rufe shi da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim, kuma 'yan'uwanmu Kirista da ke cikinku ma littafinsu ya hana ma'aunin zalunci. Takardar da ke cewa A1 alhali mai ita bai iya raba ɗari gida huɗu ba, algus ce, kuma al'umma ce mai saye. Ita ce za ta kwanta a gadon asibiti, ita ce za ta hau gadar, ita ce za ta kai 'ya'yanta ajin da wannan yaro zai dawo yana koyarwa bayan ya sami takardar shaidar malanta ta NCE ta hanyar da ya saba. Shi kansa yaron bai tsira ba. A jarabawar JAMB ta 2025, cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Gaskiya ne hukumar ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, amma ko an cire su, abin da ya rage ya isa ya hana mu barci. Mu da muke aji mun san yara masu kiredit takwas da tara da suke zama gaban kwamfuta su rasa ta inda za su fara. Wasu su samu su shiga jami'a, a kore su a shekarar farko, su dawo gida da kunyar da ta fi ta faɗuwa WAEC sau goma.

Sai tambaya ta farko, “me nake nema?” A nan ma mu ne muka ba yaro amsa. Masana sun daɗe da bambanta ɗalibin da yake karatu don ya iya da wanda yake yi don a ga makinsa, kuma binciken Anderman da abokan aikinsa ya nuna cewa inda aji da makaranta suka fi fifita maki da gasa, a nan satar amsa ta fi yawa. Ku dubi allunan da ake kafawa a ƙofar makarantu: “Ɗari bisa ɗari a WAEC da NECO.” Ku saurari tambayar da uba yake yi idan ya zo neman wa ɗansa gurbi. Ba ya tambayar ko akwai ɗakin gwaje-gwaje, ko malamin Turanci nawa ne. Cewa yake, “Ana cin jarabawa a nan?” Kowa kuma ya san abin da yake nufi.

Wannan yunwar maki ba ta barin ko masu ƙoƙari. A 2023 ƙasar nan ta ɗauki makonni tana cece-kuce a kan wata ɗaliba daga jihar Anambra da ta fito da sakamakon JAMB mai maki 362, aka yi ta yabonta ana yi mata kyaututtuka, daga baya ta amsa a gaban kwamitin bincike cewa makinta na gaskiya 249 ne. Ban kawo maganarta don a ƙara yi mata dariya ba, yarinya ce, kuma ta sha abin da ya ishe ta. Ku dubi lambar dai. Maki 249 maki ne mai kyau, mafi yawan ɗalibanmu ba sa samunsa. Amma ta taso a inda babu wanda ake kallo sai na ɗaya. Carol Dweck, wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, da abokiyar aikinta sun gwada wannan a 1998: yaran da aka yaba wa da cewa “kai mai ƙwaƙwalwa ne” sun fi yin ƙarya game da makinsu bayan sun gamu da aiki mai wuya, a kan waɗanda aka ce wa “ka yi ƙoƙari”. A 2017 wasu masana suka sake ganin irin haka a ƙasar Sin, a tsakanin yara 'yan shekara 3 da 5. Wanda aka ɗora wa sunan haziƙi yana da suna da zai kare, idan ya ga zai zube sai ya kare shi ta kowace hanya. Don haka ranar rabon kyaututtuka da muke kiran mutum uku mu bar ɗari uku suna tafi, ba lallai alheri muke shukawa ba, ko ga ukun.

A Kano akwai jarabawar kwalifayin, wadda da ita gwamnati take zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Ga ɗan mai hali gwaji ce kawai. Ga ɗan mai turin baro kuwa ita ce iyaka tsakanin rubuta jarabawar ƙarshe da zama a gida. Yaron da aka ɗora wa wannan nauyi, kuma ba a shirya shi ba, an haɗa masa tsoro da rashin yarda da kai a lokaci ɗaya. Wajibi ne shirin wannan jarabawa ya fara tun ranar da ya shigo SS1, da karatu na gaske.

Ga abin da nake roƙonku, kuma babu abin da ya fi ƙarfin ofishinku a ciki.

A makon farko na JS1 da na SS1, a zaunar da kowane yaro, shi kaɗai, ya karanta sakin layi ɗaya da babbar murya, ya yi lissafi huɗu ko biyar na tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Minti biyar ya isa. Wanda aka ga bai iya ba, kada a yi masa dariya, kada a rubuta sunansa a allon sanarwa. A ware masa awa ɗaya kullum, a koma da shi baya, a yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko duk harshen da yake ji, har ya kama. Na san za a ce ina malamai, ina lokaci. Akwai masu yi wa ƙasa hidima, akwai ɗaliban koyon aikin malanta, akwai 'yan SS3 masu ƙoƙari waɗanda su ma koyarwar za ta ƙara musu. Zango ɗaya na irin wannan aiki yana sauya yaro ta yadda mahaifiyarsa ma za ta gani a tafiyarsa. Na ga yaron da ya fara karanta shafi guda shi kaɗai yana da shekara 16, ya ɗago kai yana dariya yana share hawaye, washegari kuma shi ya fara zuwa aji.

Ku umarci malamai su riƙa mayar wa yara takardun gwajinsu da gyara a jiki, ba maki kawai a rajista ba, kuma a ba yaro dama ya sake gwada abin da ya faɗi. Ku hana zagi a aji kamar yadda kuke hana zuwa a makare. Ku daina kiran na ƙarshe a asambuli. Idan za a ba da kyauta, a haɗa da wanda ya tashi daga maki 20 zuwa 45, domin sauran yara sun fi ganin kansu a jikinsa. Jarabawar gwaji kuma a yi ta tsakani da Allah, da tazara tsakanin benci, ko da rabin aji za su faɗi. Gara su faɗi a watan Janairu a gabanku, lokacin da akwai sauran watanni na gyara.

Ku gaya wa yara da iyayensu gaskiya cewa faɗuwa sau ɗaya ba ƙarshen duniya ba ce. WAEC da NECO duk suna da jarabawar masu zaman kansu, ana kuma haɗa sakamakon zama biyu a nemi gurbin karatu a fannoni da yawa. Akwai NABTEB, hukumar jarabawar fasaha da sana'o'i, da makarantun koyon sana'a, kuma wanda ya bi ta can ba ƙasƙantacce ba ne. Rabin firgicin da ke tura yaro ga satar amsa daga tunanin cewa ƙofa ɗaya ce tak yake zuwa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda mutum ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa na haɗa da sunan ƙungiyoyinku. Makarantar da ta daina magudi ita kaɗai, maƙwabciyarta ce za ta kwashe ɗalibanta. Amma idan shugabannin makarantun ƙaramar hukuma guda suka zauna, na gwamnati da na kuɗi, suka kira shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, da hakimi, da limamai da fastoci, suka yi alkawari a bainar jama'a cewa daga bana babu kuɗin taimako, babu karɓar baƙin ɗalibai a SS3 ba tare da dalili ba, to babu inda za a gudu. Ku kuma je wa kwamishinoninku da murya ɗaya, ku ce sakamako zai faɗi a shekarar farko da ta biyu, kada a tuhumi firinsifal saboda ya ƙi yin algus, a auna shi da yawan yaran da suka shigo ba su iya karatu ba suka fita sun iya. Malamin da ya ƙi ɗaukar alli ya rubuta amsa, ku tsaya masa, kada a bar shi shi kaɗai da fushin iyaye da na abokan aiki.

Rajistar jarabawar bana tana tafe, kuma a lokacinta ne ake yanke shawarar karɓar wancan kuɗi ko barinsa. Ina roƙon ku sa wannan magana a ajandar taronku na gaba kafin a fara. Idan kuna buƙatar malaman da za su ɗauki ajin karatun yamma ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ku tambaya a ɗakin malamai, za ku same mu.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana, ya shirya mana zuriya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Malamin lissafi a wata sakandaren gwamnati,
Kano.